Yadda ake daidaita hasken majigi da girman allo da ƙarfin mayar da haskensa

Abu uku ne ke haɗuwa su ba da hoton da ido ke gani a jikin allo: yawan hasken da majigi ke fitarwa, girman allon da hasken zai bazu a kai, da yadda fuskar allon ke mayar da hasken zuwa wurin masu kallo. Ɗakin da kansa shi ne na huɗu, kuma sau da yawa shi ke ɓata lissafin sauran ukun. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su duba lambar da ke jikin kwali, su ga lumen 3,000 ko 4,000, su biya kuɗi, sannan su nemo allo mafi girma da bangon falo zai iya ɗauka. Daga baya sai a zo ana cewa hoto ya dushe ko baƙi ya koma ruwan toka. Tsarin da ke aiki shi ne a fara daga ɗaki, a zaɓi allo, a lissafa hasken da allon ke buƙata, sannan a nemi majigin da zai iya ba da shi bayan an cire asarar da kwali ba ya faɗa.

Kayan aiki

Tef na awo mai tsawon mita 5 ko fiye.
Kalkuleta, ta waya ma ta isa.
Na'urar auna haske mai ba da lamba a luks. Masu sayar da kayan lantarki da na sola sukan ajiye ta. Idan ba ta samu ba, akwai manhajojin waya da ke wannan aiki, amma lambarsu ba abin dogaro ba ce sosai. Sun fi amfani wurin kwatanta saiti ɗaya da wani.
Hoton fari zalla da zai cika allo, a filashi ko a kwamfuta.
Takardar bayanin majigi, ko shafinsa a intanet, don ganin lumen, wat da tazarar jifan hoto.
Farar takardar A4 da salatif, idan bango ko ƙyalle za a yi amfani da shi.

Ma'auni uku za ka riƙa cin karo da su. Lumen shi ne jimillar hasken da ke fita daga majigi. Luks shi ne hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya. Nit shi ne hasken da ke dawowa daga allo zuwa ido, kuma shi ne ainihin abin da ake nema. A bayanan Amurka za ka ga ana amfani da fut-lambat a madadin nit. Fut-lambat 1 daidai yake da nit 3.43.

1. Auna wurin zama, ka fitar da girman allo

Auna daga bangon da allo zai zauna zuwa inda idon mai kallo zai kasance a kan kujera. Girman allo ana faɗinsa da inci, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE ta ba da shawarar kada faɗin hoto ya gaza digiri 30 na abin da ido ke iya gani, THX kuma, kamfanin da ke tantance ingancin hoto da sauti na silima, ta kai shi wajen digiri 36 zuwa 40. A aikace, tazarar zama ta kasance tsakanin ninki 1.2 da ninki 1.6 na tsawon allo daga kusurwa zuwa kusurwa. Allon inci 120 tsawonsa mita 3.05 ne, don haka kujera ta zauna tsakanin mita 3.7 da mita 4.9. Idan falonka mita 3.5 ne kawai daga bango zuwa kujera, inci 100 ko 110 ya ishe ka, kuma ka rage wa kanka kuɗin haske.

Duba kuma ko majigin zai iya cika allon daga inda za a rataye shi. Takardarsa tana ba da tazarar jifa a matsayin lamba, misali 1.3 zuwa 2.1. Ninka lambar da faɗin allo. Allon inci 120 faɗinsa mita 2.66 ne, ke nan majigin zai zauna tsakanin mita 3.5 da mita 5.6. Rubuta wannan ka ajiye, zai dawo a mataki na 6.

2. Fitar da filin allo a murabba'in mita

Haske ba ruwansa da inci, fili yake bi. Ga allon 16:9 (faɗi kashi 16, tsayi kashi 9) da aka fi sayarwa:

Inci 100: faɗi mita 2.21, tsayi mita 1.25, fili murabba'in mita 2.76
Inci 110: 2.44 da 1.37, fili 3.34
Inci 120: 2.66 da 1.49, fili 3.97
Inci 135: 2.99 da 1.68, fili 5.02
Inci 150: 3.32 da 1.87, fili 6.20

Nan ne ido ke yaudarar mutum. Daga inci 100 zuwa 120 kamar ƙari kaɗan ne, amma fili ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Daga 100 zuwa 150 ya haura ninki biyu. Majigin kuwa haskensa bai ƙaru ba, tuwo ne aka ƙara miya tana nan yadda take. Duk wanda ya ninka incin allonsa sau biyu, ya raba hasken hotonsa gida huɗu.

Gargaɗi ga mai son dogon allo irin na silima, 2.35:1. Idan da zum za ka cika faɗinsa, majigin yana ci gaba da jefa hoton 16:9, sai dai sama da ƙasa suna zuba a wajen allo. Don haka ka lissafa fili kamar allon 16:9 ne mai wannan faɗin. Allo mai faɗin mita 3.05 za a ɗauke shi 3.05 sau 1.72, wato kusan murabba'in mita 5.2, ko da yake abin da ake gani bai kai 4 ba. Wanda ya yi lissafi da filin da ake gani kawai zai sami hoto mai ƙarancin haske da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

3. Yanke yawan nit ɗin da kake nema

Gidajen silima na dijital suna bin ƙa'idar DCI, ta haɗakar manyan kamfanonin fim na Hollywood, da aka fitar a 2005, wadda ta sa farin hoto a tsakiyar allo ya kasance nit 48, wato fut-lambat 14. Tsohuwar ƙa'idar SMPTE ta zamanin fim ɗin faifai fut-lambat 16 ce, kusan nit 55. Wannan a ɗaki mai duhu ƙirin ne. Silimomin Dolby, masu nuna hoton HDR, wato mai faɗin tazara tsakanin haske da duhu, suna kai wa nit 108.

Daga nan ake ɗauko ma'aunin gida. A ɗaki mai cikakken duhu, don fim na yau da kullum, nemi nit 50 zuwa 60. Idan za ka riƙa kallon HDR, nemi wajen nit 100. Idan falo ne da ba a rasa ɗan haske a cikinsa, ko za a taru a kalli ƙwallo da fitila ɗaya a kunne, nit 100 zuwa 150 ake nema, kuma ko da hakan sai an yi maganin hasken ɗakin kamar yadda za a gani a mataki na 7.

Kada ka kwatanta waɗannan lambobi da na talabijin, wadda kan ba da ɗaruruwan nit. Babban hoto a cikin duhu ba ya buƙatar haka. Nit 200 a kan inci 120 cikin ɗaki mai duhu zai gajiyar da ido kafin fim ya kai rabi.

4. Fahimci ƙarfin mayar da hasken allo

A kwalin kowane allo akwai lambar geyin, kamar 0.8, 1.0, 1.3 ko 1.8. Ana samun ta ne ta hanyar kwatanta allon da wani farin abu da ke watsa haske daidai wa daida ta kowane ɓangare. Allo mai 1.0 haka yake yi. Mai 1.3 yana ba wanda ke zaune a tsakiya haske fiye da haka da kashi 30 cikin 100.

Abin da za a riƙe shi ne allo ba ya ƙirƙirar haske. Abin da ya ƙara wa na tsakiya, daga na gefe ya ɗauke shi. Shi ya sa allon kirki kan zo da lamba ta biyu: kusurwar da haske ke raguwa zuwa rabi. Idan an rubuta digiri 30, wanda ya zauna digiri 30 daga tsakiya rabin hasken yake gani. Idan kujerunka jere suke a jikin bangon gefe kamar yadda ake shirya yawancin falo, allo mai geyin mai yawa zai fifita mutum biyu ko uku ya cuci saura. Matsala ta biyu ita ce tabon haske: tsakiyar hoto ta yi ƙyalli, gefuna su dushe. An fi ganinsa a filin ƙwallo ko sararin sama, inda launi ɗaya ya mamaye allo, kuma yana tsananta idan majigi ya matso kusa. Allo mai geyin sama da 1.3 yana son majigi ya ja baya aƙalla ninki 1.5 na faɗin allo.

Fari marar ƙyalli mai 1.0 zuwa 1.1 shi ne zaɓin da ba a cika yin nadama a kansa ba a ɗaki mai duhu. Mai 1.3 ya dace da babban allo da kujeru a tsakiya. Ruwan toka mai 0.8 yana rage fari da baƙi tare; amfaninsa yana fitowa ne a ɗaki mai farin bango da farin silin, inda hasken hoto ke bugun bango ya dawo kan allo, amma sai majigin yana da rarar haske.

Akwai kuma allon da aka yi don ture hasken ɗaki, wanda ake sayarwa da sunan ALR. Yana karɓar haske daga inda majigi yake, ya kawar da wanda ya zo daga sama ko gefe. Fitila ko tagar da ke bayan masu kallo, layi ɗaya da majigi, ba abin da zai iya yi mata. Kuma iri biyu ne da ba a musanya su. Na majigin da ake ajiyewa dab da bango a ƙarƙashin allo an yi shi ne ya karɓi haske daga ƙasa ya toshe na sama, geyin ɗinsa kuma ƙasa yake, galibi 0.4 zuwa 0.6. Idan ka haɗa shi da majigin da ke rataye a silin, allon zai ɗauki hasken majigin a matsayin fitilar ɗaki ya shanye shi. An sha yin wannan kuskuren, kuma mai tsada ne.

Idan za a ɓoye sifika a bayan allo, ana amfani da mai saƙa ko mai ƙananan huji don sauti ya wuce. Haske ma yana wucewa, don haka ka ɗauki geyin ɗinsa a 0.8 zuwa 0.9 sai dai in ka auna ka ga akasin haka.

Idan babu kuɗin allo, bango mai sumul da aka shafa wa farin fenti marar ƙyalli yana aiki, ka lissafa shi a 0.85 zuwa 0.9. Guji fentin mai, yana jawo tabon haske kuma yana tona duk wani tudu da kwarin filasta. Farin ƙyalle yana barin haske ya ratsa, sai an sa masa baƙin ƙyalle a baya an kuma ɗaure shi ya miƙe. Don sanin inda bango ko ƙyallenka ya tsaya, manna takardar A4 a tsakiyarsa, ka haska hoton fari, ka duba daga kujera. Takardar tana kusa da 1.0. Idan ta fi bangon haske a fili, rage lambar da kake lissafi da ita.

5. Lissafa lumen ɗin da dole ya isa allo

Ninka nit ɗin da kake nema da 3.14, ka ninka da filin allo, sannan ka raba da geyin.

Misali: allon inci 120, geyin 1.0, ana neman nit 50. 50 sau 3.14 sau 3.97 ya ba da lumen 623. Don HDR a nit 100, lumen 1,247. Idan allon mai 1.3 ne, 1,247 ya sauka zuwa 959. Idan ruwan toka ne mai 0.8, ya hau zuwa 1,559.

A geyin 1.0, inci 100 yana son lumen 433 don nit 50, ko 867 don nit 100. Inci 135 yana son 788 ko 1,576. Inci 150 yana son 973 ko 1,947.

Lambobin za su yi maka kama da ƙanana idan ka tuna abin da ke rubuce a kwali. Kada ka yi saurin murna, wannan hasken da ya isa allo ne, ba wanda kamfani ya auna ba.

6. Cire asara daga lambar kwali

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

Da farko tabbatar da irin lumen ɗin. Wanda ake iya dogaro da shi shi ne wanda aka rubuta sunan ƙa'idar awon haske ta ANSI ko ISO 21118 a gefensa, domin an auna shi ne a wurare tara a jikin hoto aka ɗauki matsakaici. Idan lumen kawai aka rubuta, ko aka ce hasken LED ne ko hasken fitilar ciki, lambar talla ce. Ƙananan majigai masu arha da ake yi wa tambarin lumen 8,000 ko 9,500 yawanci ainihin haskensu ɗari ɗaya zuwa ɗari uku ne. Abin ya yi ƙamari har kamfanin Epson ya kai wasu masu sayar da irinsu ƙara a kotunan Amurka. Hanya mai sauƙi ta gane ƙarya ita ce a duba wutar da na'urar ke ci. Majigin ƙwai, wato mai aiki da ƙwan fitila, mai lumen 3,000 na gaskiya yana cin wajen wat 300, wato kusan lumen 10 a kowane wat. Na'urar da ke cin wat 70 ta ce maka tana ba da 9,000, ka san inda ka ajiye maganarta.

Ko lambar ANSI ta gaskiya ma an same ta ne a yanayin da ba za ka yi kallo da shi ba: sabon ƙwai, wuta a ƙure, zum a buɗe gaba ɗaya, da saitin launi mafi haske. Ga abin da ke zubewa.

Saitin launi. Wanda ake kira Dynamic ko Bright shi ke ba da lambar kwali, amma hotonsa yana karkata zuwa kore, fuskar mutum ta koma kamar ta marar lafiya. Da ka koma Cinema ko Natural, inda fari ke zama daidai a ma'aunin launin fari na 6500K, za ka rasa kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Ninka da 0.6. DLP da 3LCD nau'ukan fasahar majigi ne: majigin DLP na ofis da aji, mai farin yanki a faifan launin da ke juyawa a cikinsa, ya fi kowanne faɗuwa a nan: farinsa da ƙarfi, launukansa a dushe. Na 3LCD haskensa na fari da na launi ɗaya ne.

Saitin Eco. Yana rage ƙarar fanka, zafi da cin wuta, yana kuma tsawaita ran ƙwai. Mai amfani da inbata ko ƙaramin janareta zai so shi. Kuɗinsa kashi 20 zuwa 30 na haske. Ninka da 0.7.

Zum. Idan majigi yana kusa da allo, a farkon tazarar da ka rubuta a mataki na 1, ruwan tabarau yana buɗe kuma haske yana fita cikakke. Duk yadda ka ja shi baya ka tsuke zum, haske yana raguwa. A majigi mai dogon zum, kamar ninki 2, asarar na iya kai wa kashi 25 zuwa 30 ko fiye a can ƙarshe. A tsakiya ninka da 0.85.

Tsufa. Awannin da ake rubuta wa ƙwai, ko 4,000 ko 6,000, lokacin da haskensa zai koma rabi ne, kuma raguwar ta fi sauri a ɗaruruwan awannin farko. Ninka da 0.75 don lissafinka ya yi aiki bayan shekara ɗaya ko biyu, ba a makon farko kaɗai ba. Leza da LED suna tsufa a hankali, galibi ana ba su awa 20,000 ko fiye, don haka 0.9 ya isa.

Yanzu a haɗa. Majigi mai ANSI lumen 3,000: sau 0.6 ya zama 1,800, sau 0.7 ya zama 1,260, sau 0.85 ya zama 1,071, sau 0.75 ya zama 803. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kwali ya ce. A kan inci 120 mai geyin 1.0 wannan nit 64 ne, ya yi daidai da ɗaki mai duhu. A kan inci 150 nit 41 ne, ya gaza. Idan aka kashe Eco a kan inci 120, ana samun lumen 1,148, kusan nit 92, wanda zai iya ɗaukar HDR da ɗan lallaɓawa.

Waɗannan lambobin ninkawa na kintace ne, kowane samfuri da nasa hali. Idan ka sami masu gwaji da suka auna lumen ɗin ainihin samfurin da kake so a saitin Cinema, ɗauki lambarsu ka bar 0.6. Idan kuma na hannu za ka saya, kada awannin ƙwai da ke cikin menu su ruɗe ka, ana iya mayar da su sifili da 'yan latse-latse, kuma ƙwan jabu ba ya kai na asali haske. Ka je da na'urar auna haske ka gwada a gaban mai kaya.

7. Auna hasken ɗaki

Majigi ba ya jefa baƙi. Baƙin hoto shi ne launin allon a wurin da majigi bai haska ba, don haka duk hasken da ke sauka a allo daga taga ko fitila shi ne iyakar baƙinka.

Kashe majigi, ka bar ɗakin yadda za a riƙa kallo, a lokacin da za a riƙa kallo. Jingina na'urar aunawa a tsakiyar allo tana fuskantar ɗaki. Raba luks ɗin da 3.14 ka sami nit a allo mai geyin 1.0. A ce ka sami luks 30, abin da ƙwan fitila ɗaya ko labule marar kauri zai iya bayarwa cikin sauƙi. Baƙinka ya zama nit 9.5. Farinka nit 64 na misalin mataki na 6 da 9.5, wato 73.5. Bambancin fari da baƙi bai kai 8 bisa 1 ba. Ƙa'idar InfoComm, ƙungiyar masana'antar kayan sauti da hoto, ta 2011 ta sa 7 bisa 1 a matsayin mafi ƙaranci don kallo na sama-sama, 80 bisa 1 kuma don cikakken kallon fim.

Dubi abin da kuɗi zai saya. Idan ka canja majigi da mai ninki biyu na haske, bambancin zai koma kusan 14 bisa 1. Idan kuwa ka bar majigin ka sa labule mai kauri ka kashe fitilar, luks ya sauka zuwa 3, bambancin zai kai kusan 68 bisa 1. Labule ya fi sabon majigi arha nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi aiki.

Bayan labule, sai abin da ke kusa da allo. Farin silin na POP da farin tayil mai ƙyalli suna karɓar hasken hoto su mayar da shi kan allo, su wanke wuraren duhu. Kafet mai duhun launi a gaban allo, da fenti mai duhu marar ƙyalli a bangon allon da mita ɗaya ko biyu na silin da ke kusa da shi, suna kawo bambancin da ido ke gani nan take. Idan mutanen gida ba za su yarda a ɓata farin falo ba, a nan ne allon ruwan toka ko ALR ke da hujja.

8. Haɗa, sannan ka auna abin da ka samu

Rataye majigi daidai da tsakiyar allo, fuskarsa a miƙe. Idan hoto bai zauna ba, yi amfani da maɓallin da ke matsar da ruwan tabarau sama, ƙasa ko gefe in majigin yana da shi. Gyaran karkata na dijital, wanda menu ke kira Keystone, yana matse hoton a cikin wani ɓangare na farantin da ke haɗa hoto a cikin majigi, ka yi asarar haske da tsabtar hoto a lokaci ɗaya.

Kunna majigi ka bar shi minti 15 zuwa 20 ya ɗumama. Zaɓi saitin da za ka riƙa kallo da shi, kashe duk wani saitin da ke sauya haske da kansa, ka sa hoton fari, ka kashe fitilu. Riƙe na'urar a jikin allo tana kallon majigi, ka tsaya a gefe kada inuwarka ko farar rigarka ta shiga awon. Raba allon gida tara a ranka, uku sau uku, ka auna tsakiyar kowanne, ka haɗa ka raba da 9. Matsakaicin luks sau filin allo shi ne lumen ɗinka na gaskiya: luks 200 sau 3.97 ya ba da 794. Luks sau geyin raba da 3.14 shi ne nit. Don saurin aiki, a allo mai 1.0 luks 157 shi ne nit 50, luks 314 shi ne nit 100.

Tsakiya takan fi kusurwoyi haske, wannan ba laifi ba ne. Amma idan gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu sosai, duba ko majigin ya karkace ko an ƙure matsar da ruwan tabarau.

9. Gyara

Idan haske ya yi kaɗan, fara da abin da ba ya cin kuɗi: fita daga Eco, buɗe ƙofar haske ta ruwan tabarau in akwai, matso da majigi kusa ka buɗe zum, goge filta. Idan bai isa ba, rage girman hoto; daga inci 135 zuwa 120 kaɗai yana ƙara haske da kashi 26 cikin 100. Sauya allo zuwa mai geyin 1.3 ya zo daga baya, kuma sai in kujeru suna tsakiya. Mai majigin leza mai launi uku ya yi hattara a nan, allo mai geyin mai yawa yana fito da wani ƙyalƙyali kamar yashi a jikin hoto.

Idan haske ya yi yawa, alamarsa ita ce ido yana ƙanƙancewa duk lokacin da fage ya koma rana, sandunan baƙi na sama da ƙasan fim kuma suna zama ruwan toka. Koma Eco, rage ƙarfin leza, ko tsuke ƙofar haske. Idan duk an yi bai isa ba, gilashin ND2 irin na masu ɗaukar hoto yana raba haske biyu idan aka sa shi a gaban ruwan tabarau, kuma ana iya cire shi idan ƙwai ya tsufa.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne taɓa Brightness a menu. Wannan saitin matakin baƙi yake motsawa, ba ƙarfin fitila ba. Idan ka ɗaga shi hoto zai yi hazo, idan ka sauke shi abin da ke cikin inuwa zai ɓace. Haka Contrast, idan aka ƙure shi farar riga da gajimare sukan rasa zanensu ba tare da wani ƙarin haske na kirki ba.

10. Riƙe hasken da ka samu

Rubuta luks ɗin tsakiyar allo da ranar da ka auna, ka manna a jikin takardar majigi. Sake aunawa duk bayan awa 500 na ƙwai. Idan ya faɗi ƙasa da nit ɗin da ka sa a gaba, lokacin fita daga Eco ya yi. Idan ya faɗi kuma a cikakkiyar wuta, sai sabon ƙwai.

Ƙura tana cin haske fiye da yadda ake zato. A lokacin hunturu a duba filta duk mako biyu, a hure ta ko a zuƙe da na'urar shara, ba a jira gargaɗin menu ba. Filtar da ta toshe tana tara zafi, zafi kuma yana gajarta ran ƙwai. Ruwan tabarau a fara hure shi da abin hura iska na kyamara, sannan a goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. Gogewa da bakin riga a kan ƙura yana karce shi. Yawancin majigai an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, kuma ƙarƙashin silin ya fi ko'ina zafi a ɗaki, don haka a bar masa sarari a gefen da yake shaƙa da wanda yake fitar da iska. Majigin ƙwai yana buƙatar fankarsa ta ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kashe shi. Inda wuta ke ɗaukewa ba zato, a haɗa shi da UPS mai ƙarfin da ya haura wat ɗin da yake ci, don a samu minti biyu ko uku na kashe shi yadda ya kamata.